Dunƙulen Ƙyale-su

Sanyi ya sauko Yelwa tun kafin assalatu.
Ruwan randa na cizon haƙori,
man shanu ya ƙi fita daga kwalba,
Kwara ta yi tsit, tana tururi
kamar tukunyar da aka manta a murhu.

Ƙyale-su ya tsufa.
Shekara tara yana gadin lambun albasar Baba:
ya kori birai, ya kori awakin Nomau,
ran nan ma Nomau ɗin kansa ya kora.
Yau haƙora huɗu sun tafi, saura na sallama.
In ya kwanta gefen toka sai ya naɗe kamar gammo,
daga bakin zaure kana ƙirga haƙarƙarinsa.

Shi ya sa nake jiran a gama kwashe tuwo.

Kan tarwaɗa uku, waɗanda masu banda suka yar,
na dafa su har nama ya saki,
na zauna ina tsince ƙaya da hasken fitila,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Dusar gero ƙoƙo biyu.
Dankalin da fartanya ta sara, wanda kasuwa ta ƙi.
Ɓarɓashin ƙuli-ƙuli na gindin kwano.
Ba gishiri, ba yaji.
Albasa kuwa, ko ɓawonta.
Baba ya ce abin da kare ke gadi ba cimarsa ba ne,
takan shanye masa jini a hankali.

Turminsa daban, wancan mai tsaga.
Kaskonsa daban, can bayan rumbu.
Na san hukuncin yawunsa, ba sai an tuna mini ba,
na kuma san hukuncin barinsa da yunwa.

Na kirɓa, na dunƙula kamar ƙwan zabo,
na binne a toka mai rai,
ba wuta ba, abin da wuta ta bari.

Kulu ta leƙo ta saman darni:
"Ke Tambai, wainar wa ta da tsakar dare?"
Na ce ta kare ce.
Ta yi dariya har zanenta ya kwance.
"Mutane na neman na koko, ke kina toya wa kare!"
Ban tanka ba. Gaskiyarta ce, rabi.

Ɗaya rabin ba ta nan a daren da Baba ya faɗi
tsakanin kunyoyi, ɓarin jikinsa ya mutu,
cikin irin wannan sanyin, ko bargo babu.
Karen nan ya kwanta masa a ƙirji,
ya yi ta haushi har muryarsa ta dushe,
har wani masunci ya juyo da jirgi
yana zagi, yana cewa wane irin kare ne wannan.
Damina biyu Baba ya ƙara a duniya.
A cikinsu ya ga ɗan farina, ya raɗa masa suna.

To ki gaya mini, Kulu, dusa nawa ce kuɗin damina biyu?

Na tone su sun yi ɓawo, ciki da laushi.
Na hura, na gwada a bayan hannu
kamar yadda ake gwada kunun jinjiri.
Ya ɗago kai, jela ta bugi ƙasa sau biyu,
iyakar godiyarsa ke nan, bai taɓa iya fiye ba.

Ya ci ɗaya. Ya ci na biyu yana lumshe ido.
Na ukun ya ɗauka a baki, bai tauna ba,
ya miƙe da ƙyar, ya bi hanyar lambu,
can wajen bukkar da rufinta ya zube tun bara.

Ban bi shi ba.
Na rufe toka, na ajiye sauran na gobe.